Ra'ayinmu: Wahala da Doka, Sauƙi da Alfarma

A cikin shekarar 1981, bayan ma'aikatan ƙasar nan sun yi yajin aiki na gama-gari, Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta amince da naira 125 a matsayin mafi ƙanƙantar albashin wata. A wancan lokaci naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi, watau masinjan ofis yana komawa gida da abin da ya haura dala 200 a ƙarshen wata. Shekara goma bayan haka, a 1991, aka ninka wannan albashi ya zama naira 250, amma idan aka auna shi da dala bai kai 30 ba. Takardar albashi ta ce an yi wa masinja ƙari, kasuwa kuwa ta ce an yi masa ƙwace, kuma maganar kasuwa ce matarsa ta gaskata.

Da gangan muka tono wannan lissafi. Mu da ke kwana a ɗakunan jami'a yau ba a haife mu ba sa'ad da abin ya faru, a makarantun sakandare ma ba a koya mana shi ba sai a layi ɗaya ko biyu. Amma tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kalmomin da iyayenmu suka gaji da ji a rediyo sun dawo kunnuwanmu: a yi haƙuri, a tsuke bakin aljihu, sauƙi yana nan tafe. Jama'ar da aka taɓa yi wa irin wannan alkawari suna da haƙƙin su waiwaya su ga yadda aka cika na farko. Mun waiwaya, kuma abin da muka gani shi ne, duk lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe, gwamnati takan raba wahalar ta hanyar doka, wadda ke hawa kan kowa rana ɗaya ba tare da ya cika fom ba, sa'an nan ta raba sauƙin ta hanyar alfarma, wadda ba ta samun mutum sai ya san wani.

Ga yadda abin ya faro. Daga 1973, da farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo, kuɗi suka riƙa kwararowa baitulmali fiye da yadda masu mulki suka san abin yi da su. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, a shekarar nan kuma jiragen ruwa ɗaruruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Ikko, suna jiran sauke kaya wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Ƙasar da ta saba sayar wa duniya gyaɗa da auduga da manja ta koma sayen shinkafa da alkama da madara daga waje, domin naira ta yi tsada ƙwarai har ya zama kayan ƙetare sun fi na gida araha. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga waje ya rataya a wuyan kaya guda. A 1980 mai ya kawo wa Nijeriya kimanin dala miliyan dubu 25. Da kasuwar duniya ta cika ta batse, abin da aka samu a 1983 bai kai rabin haka ba, a 1986 kuwa har gangar mai ta taɓa sauka kusa da dala 10.

Ba a rasa masu gargaɗi ba. A tsakiyar 1981 Cif Obafemi Awolowo ya rubuta wa Shugaba Shagari wasiƙa yana faɗakar da shi cewa tattalin arziki ya doshi halaka, sai jami'an gwamnati suka mayar da maganar ta siyasa, suka ce komai lafiya. Ba a cika shekara guda ba, a watan Afrilu na 1982, gwamnatin nan da kanta ta kai wa Majalisa dokar gaggawa ta daidaita tattalin arziki. Aka ƙara kuɗin fito, aka taƙaita shigo da kaya, litar fetur ta koma kwabo 20. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura, domin a nan aka haifi ɗabi'ar da muke magana a kanta. Da kuɗin waje suka yi ƙaranci, sai aka ce ba mai shigo da kaya sai da lasisi. Lasisin nan takarda ce da ke ba mai riƙe da ita damar sayen dala a farashin gwamnati, don haka ita kanta ta zama haja. Ɗan siyasar da bai taɓa sayar da ko allura ba yakan samu lasisi ya sayar wa mai masana'anta, mai masana'anta ya ɗora kuɗin a kan kayansa, talaka ya biya. Shinkafa, wadda aka kafa wa kwamiti na musamman a ƙarƙashin Ministan Sufuri Alhaji Umaru Dikko domin a sauƙaƙa wa jama'a, ta zama abin da ake rabawa ta hannun 'yan jam'iyya. A lokaci guda kuma malaman firamare a jihohi da dama suna wata da watanni ba albashi, masana'antu a Kano da Kaduna da Ikeja suna rage ma'aikata saboda rashin kayan aiki da na gyara, a karkara ga fari ga annobar shanu ta 1983. Da aka rasa wanda za a ɗora wa laifi, sai a watan Janairu na 1983 aka ba baƙin da ba su da takardu 'yan makonni su bar ƙasa. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, yawancinsu 'yan Gana, tare da 'yan Nijar da Cadi da sauran maƙwabta, cikinsu har da waɗanda harshensu da namu ɗaya ne. An bar jaki ana dukan taiki, kuma farashin shinkafa bai sauka ba.

Sojojin da suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba, 1983, a ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, sun ɗauka cewa cutar rashin ɗa'a ce, don haka maganinta bulala. Aka koya wa mutane bin layi, aka canja launin takardun kuɗi a watan Afrilu na 1984, aka rufe kan iyakoki, aka sallami dubban ma'aikata, aka duƙufa biyan bashin waje. A zamanin nan ne aka janye tallafin abinci a jami'o'i, ɗakunan cin abincin da yayyenmu ke ba mu labari kamar tatsuniya suka koma hannun 'yan kasuwa. Sauƙin da aka tanada shi ne rabon kayan masarufi a farashin gwamnati, sabulu da madara da sukari da shinkafa, ga wanda ya iya tsayuwa a layi ko ya san mai riƙe da makullin sito. Layin dai ya miƙe sosai, wannan kam ba mai musu.

Janar Ibrahim Babangida ya hau mulki ranar 27 ga Agusta, 1985, ya zo da wata dabara wadda har yau ta cancanci nazari. Ya buɗe muhawara a faɗin ƙasa kan ko Nijeriya ta karɓi rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya, watau IMF, ko kada ta karɓa. Ɗalibai da malaman jami'a da 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa suka yi ta magana a jaridu da zauruka, mafi yawa suka ce a'a, saboda sharuɗɗan da ke tattare da shi: karya darajar naira, janye tallafin mai, da buɗe ƙofa ga kayan waje. Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa mafita ita ce a gina kasuwar cikin gida. A watan Disamba na 1985 gwamnati ta ce ta ji muryar jama'a, ta ƙi rancen. Aka yi ta tafi. Zuwa tsakiyar 1986 sai ga shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP, an ce na gida ne, ɗauke da sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya. Jama'a sun ƙi kuɗin, aka kawo musu sharuɗɗan. An ce shirin na shekara biyu ne, amma ya raka gwamnatin har ƙarshenta.

Tun kafin SAP, a watan Oktoba na 1985, an kafa dokar ta-ɓaci kan tattalin arziki, aka zaftare wani kaso na albashin ma'aikata. A 1986 litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa 39 da rabi. A ƙarshen Satumba na shekarar aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ɗaya ta haura naira 4 nan take, a 1989 ta wuce naira 7, a 1993 tana wajen naira 22. Duk wannan bai buƙaci kwamiti ko rajista ba. Ranar da aka karya naira, ranar mai ciwon suga a Gusau ya ga kuɗin maganinsa ya tashi, ɗalibin likitanci ya ga littafinsa ya fi ƙarfin albashin mahaifinsa, ɗakunan karatu na jami'o'i suka daina karɓar mujallun ilmi daga waje, manyan malamai da likitoci suka fara haɗa kaya zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka.

Adalci ya wajaba a kanmu ko da a kan abin da ba mu so. Soke lasisin shigo da kaya da aka yi a 1986 ya toshe wata babbar kafar cin hanci, kuma ba mu ga mai hankalin da zai nemi a dawo da shi ba. Rushe hukumomin sayen amfanin gona guda shida ya sa manomin koko ya samu farashin da bai taɓa gani ba, domin dama hukumomin nan sun daɗe suna saye da araha su sayar da tsada. Naira kuma, gaskiya ce, an riƙe ta a farashin da ba nata ba, kuma masu cin ribar haka ba talakawa ba ne. Sai dai an rushe hukumomin ba tare da an tanadi wanda zai ɗauki aikinsu na raba iri da tantance inganci ba, kuma noman auduga a ƙasashen Funtuwa da Gusau da Gombe ya ɗanɗana kuɗar wannan. Bashin waje, wanda dominsa aka ce a sha wuya, ya tashi daga ƙasa da dala miliyan dubu 20 a 1985 zuwa sama da 30 a farkon shekarun 1990, ba a kuwa sauke babban kasonsa ba sai da yarjejeniyar Paris ta 2005.

To, ina sauƙin? An kafa hukumomi, ba ɗaya ba ba biyu ba. A 1986 aka kafa DFRRI domin hanyoyin karkara da rijiyoyin burtsatse da wutar lantarki, da alkawarin cewa kuɗin da aka tsimi daga tallafin mai can za su tafi. Aka kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, aka ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987 a ƙarƙashin uwargidan Shugaban Ƙasa, aka fito da shirin motocin sufurin jama'a a 1988, aka buɗe Bankin Al'umma a 1989 domin bai wa talaka rance ba jingina. Ba mu ce ba su yi komai ba. Akwai ƙauyukan da mota ta fara shiga ta hanyar DFRRI. Amma hanyoyin yawancinsu na ƙasa ne, ba a tanadi kuɗin gyaransu ba, damina biyu ko uku ta cinye da dama daga ciki, kuma hukumar ba ta daɗe ba bayan gwamnatin da ta kafa ta. Dokta Tai Solarin, wanda aka naɗa shugaban Bankin Al'umma saboda sunansa na gaskiya, ajiye muƙamin ya yi saboda almundahanar da ya ga ba a hukunta ba, daga baya aka narkar da bankin cikin wani a shekarar 2000. Babu ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan da ya ba ɗan ƙasa wani haƙƙi da zai iya zuwa kotu ya nema idan an hana shi. Kowanne kyauta ce daga mai mulki, mai kyauta kuwa shi ke zaɓen wanda zai ba, da ranar da zai daina.

Wani abin lura shi ne lokacin da sauƙin kan zo. A watan Afrilu na 1988 aka ƙara kwabo biyu da rabi a kan litar fetur, zanga-zanga ta tashi daga ɗaliban Jos ta bazu, ma'aikata suka bi. A watan Mayu na 1989 ɗaliban Jami'ar Benin suka fara boren SAP, ya kama Ikko da Ibadan da wasu garuruwa, aka rasa rayuka, aka rufe jami'o'i. Bayan an binne matattu ne gwamnati ta fito da abin da ta kira shirin rage raɗaɗin SAP, da alkawarin ayyuka ga masu digiri da ƙarin motocin haya. Da an so, da an tanadi wannan tun 1986. Darasin da masu mulki suka koya wa matasa da hannunsu shi ne cewa ba a jin kukansu sai an ga hayaƙi, kuma wannan mugun darasi ne ga kowace ƙasa, domin waɗanda kan faɗi a titi ba su ne suka ci kuɗin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1994 kwamitin Dokta Pius Okigbo ya ba da rahoton cewa tsakanin 1988 da 1994 kimanin dala miliyan dubu 12 sun bi ta wasu asusu na musamman a wajen kasafin kuɗi, a daidai shekarun da ake gaya wa masinja ya ƙara haƙuri.

Kada wani ya ce haka abin yake a ko'ina. Amurka ma ta taɓa durƙushewa bayan 1929, har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatanta suka rasa aiki. Gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumomin ba da aikin wucin gadi, waɗanda suka shuɗe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma abin da ta rubuta a doka a 1935, watau fansho ga tsofaffi da inshorar rashin aiki, yana nan har yau, domin haƙƙi ne da ke da ma'auni, kowa ya san wanda ya cancanta da nawa zai samu.

Yanzu mu dawo kan namu zamani. A 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuni aka saki naira, zuwa farkon 2024 dala ta kai wajen naira 1,500. Wannan ya sami kowa a rana ɗaya. Sauƙin kuwa ya zo ne da sunan naira miliyan dubu 5 ga kowace jiha, da tirelolin hatsi, da ƙarin naira 35,000 na ɗan lokaci ga ma'aikatan Tarayya, da alkawarin naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da ministar da ke kula da ayyukan jin ƙai bisa zargin karkatar da kuɗi, aka kuma tsayar da shirye-shiryen na wani lokaci. A watan Maris na shekarar, ɗalibai mata biyu suka rasu a turmutsitsin rabon shinkafa a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. 'Yan'uwanmu ne, iyayensu karatu suka aiko su. Sabon mafi ƙanƙantar albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 bai kai dala 50 ba a ranar da aka sa masa hannu, watau bai kai rubu'in na 1981 ba. Abu guda da muke yaba wa shi ne asusun ba ɗalibai rance na 2024, saboda yana da doka, kuma ɗalibi yana nema da kansa ba ta hannun kansila ba, ko da yake rance ne, kuma ranar biya tana nan zuwa.

Ba mu da ƙwarewar da za mu ce a mayar da tallafin mai ko a ɗaure naira da igiya, kuma tarihin lasisin shigo da kaya ya isa ya sa mu yi hattara da masu wannan kira. Abin da muke nema shi ne a yi wa sauƙi irin gatan da aka yi wa wahala. Duk wani tallafi ya bi ta Majalisa da kasafin kuɗi, a rubuta wanda ya cancanta, da adadin da zai samu, da tsawon lokacin, da inda zai kai ƙara idan an tsallake shi. Kuɗin da aka ce an tsimi daga tallafin mai, wanda ya ƙara yawan abin da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun Tarayya, a buga abin da kowace ta karɓa da abin da ta yi da shi, a manna a ƙofar sakatariya da Hausa da sauran harsunan jama'a, a karanta a rediyo.

Ga yayyenmu da suka fara aikin gwamnati kuwa muna da magana ta musamman, kuma muna yin ta da ladabi. Lasisin 1982 ba minista ne ya buga shi a tafireta ba, jerin sunayen masu karɓar shinkafa ma ba gwamna ke rubuta shi ba. Ƙaramin ma'aikaci ne, mai digiri irin wanda muke nema, wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, aka miƙo masa takarda aka ce ya ƙara sunaye goma. Mun san ƙin yin haka yana da tsada, kuma ba mu da bakin yi wa mai iyali wa'azi daga ɗakin kwanan ɗalibai. Amma ajiye kwafin takarda, da rubuta kwanan wata da adadi daidai, da neman a ba da umarni a rubuce, abubuwa ne da ƙa'idar aiki ta yarda da su, kuma da irin waɗannan takardu ne kowane kwamitin bincike yake samun abin dubawa.

Mu ɗalibai kuma akwai makamin da iyayenmu ba su da shi a 1989. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa ma'aikata ko hukumar Gwamnatin Tarayya ya nemi bayani, ta kuma wajabta musu amsawa cikin kwana bakwai. Muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da su rubuta wa hukumomin da abin ya shafa kafin ƙarshen wannan zangon karatu, su tambayi buhu nawa na hatsi aka aiko wa jihar nan tun daga 2023, a wace rana, wa ya sa hannu ya karɓa, da ɗalibai nawa na wannan jami'a suka nemi rance da nawa aka biya wa. Za mu buga wasiƙun a fitowa ta gaba tare da amsoshinsu. Inda ba a amsa ba, za mu buga sunan ofishin da yawan kwanakin da suka wuce.